Tauraron da Ya Tsayar da Bikina

Assalamu alaikum masu karatu. Ku gyara zama. Atika ce, ɗiyar Malam Na'Allah na Bodinga, yau kuwa zan gaya muku yadda idona da bakina suka kusa raba ni da mutumin da nake so.

Wanda bai san gidanmu ba, bari in kwatanta masa. Babana malamin hisabi ne. Wurinsa manoma ke zuwa su ji yaushe tauraron shuka zai kama, yaushe ruwa zai ɗauke, yaushe sanyi zai sauka a dasa albasa a fadama. Ina ƙarama yanar ido ta fara rufe masa gani. Innata ta rasu ban yi wayo ba, yayyena maza sun tafi gabas neman karatu, sai ni na zama idonsa. Kullum kafin kiran assalatu nakan riƙo hannunsa mu fito tsakar gida, in zuba masa ruwan alwala, in ɗaga kai in karanta masa sama yadda ake karanta allo. Shi ya sa sa'o'ina duk suka yi aure, wasu har da goyo, ni ina gida. Gwaggo Mairo, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidanmu, ba ta gajiya da ce mini, "Ki yi ta kallon sama, mu ga ko nan miji za shi hito miki."

To, kusan daga can ɗin ya fito.

Maniru ɗan garin Shagari ne. Ya gama makarantar Midil a Sakkwato, aka haɗa shi da Baturen safiyo mai awon hanyar mota, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Zakara don yana riga kowa tashi. Maniru ke ɗaukar masa madubin awo mai ƙafa uku, shi ke karanta masa shi. Wata rana ya yi sallama a zaurenmu, wai yana son ya ji sunayen taurarin da suke saita hanya da su. Baba ya kira ni, na tsaya bayan ƙyaure ina ba da amsa. Muryata ya fara ji kafin ya ga fuskata. Daga baya ya ce mini tun ranar ya daina barci mai kyau. Ni ma ban gaya masa ba, amma sai da na leƙa ta kafar ƙyaure na ga jar hularsa ta dara da farar taguwa da ƙurar hanya ta ɓata, na ga yadda ya durƙusa gaban Baba bai ɗaga kai ba.

Manya suka shiga magana, aka sa biki kafin Babbar Salla. Maniru ya yarda zai yi mini ɗaki a Bodinga, kusa da gida, don kada asubar Baba ta mutu. Gwaggo ta cika ɗakinta da kaya: zanen saƙi mai ratsin tsamiya, fatala biyu, tasoshi, tabarmi masu launi, masaki cike da alkaki an rufe da faifai. Gero ya shiga rumbu, dawa na kan hanya. Komai ya daidaita.

Sai asubar nan ta farkon Zulƙida.

Na zuba wa Baba ruwa, na ɗaga kai kudu yadda na saba. Ga tauraruwar nan Shi'ira can sama tana ƙyalli, ga Suhailu ƙasa-ƙasa bisa rumbun Gwaggo. Sai na ga tauraro na uku. Tsakaninsu yake, ya ɗan karkata gabas, fari tas, a wurin da na san babu kowa sai 'yan ƙanana marasa suna. Na murza ido. Yana nan.

"Kin yi shiru," in ji Baba.

"Baba, akwai baƙo."

Ya tsaya da butar a hannu. "Ina?"

Na gaya masa.

"Shina da wutsiya?"

"Babu."

"Shina ƙyaftawa, ko haskenai tsaye ɗai yake kamar na Zara matar wata?"

"Yana ƙyaftawa."

"To ba cikin masu tahiya yake ba. Su ma ba nan hanyarsu take ba." Ya ajiye buta. "Sa rumbu shaida. Gobe mu gani in ya gusa daga 'yan'uwanai."

Washegari bai gusa ba, haske ma ya ƙara. Baba ya koya mini taurari gida uku ne: tsayayyu da ba su sake wuri tsakanin junansu, masu tafiya da ke ratsa su, sai masu wutsiya da kan zo su wuce. Wannan ya ƙi shiga ko ɗaya. Baba ya zauna kan buzunsa ya daɗe yana jan carbi, can ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Na taɓa ganin irinai. Da idona."

Ban tambaye shi ba. Da na sani na tambaya.

Wallahi masu karatu ni ban kai maganar ko'ina ba sai wurin Gwaggo, ita kuma ta kai ta bakin rijiya. Ko da ban faɗa ba, masu fita masallaci sun gani. Kafin a jima zaure ya cika da takalma. Wani ya ce sarki ne babba zai mutu. Wani ya ce yaƙin Turawa da ake ta ɗibar samari dominsa ne zai iso mu har gida. Masu albasa suna tambaya ko su dakata da dashe. Baba amsa ɗaya yake ba kowa: "Ku dasa albasarku. Ban san shi ba tukuna."

Ranar kasuwar Bodinga, bayan azahar, ina tankaɗe a gindin turmi na ji sallamar mace. Inna Tani ce, mahaifiyar Maniru, ta zo daga Shagari kan jaki. Baƙin zanen saƙi ne a jikinta, ta yafa wani a kai, babu kwalli, babu goron da ta saba riƙo mana. Na sheƙa ɗaki don kunya. Amma ɗakina katanga ɗaya ne da inda Baba ke zama, na kasa kunne.

Aka gaisa, aka sha ruwa. Sai na ji muryarta ta sauka ƙasa, na san durƙusawa ta yi.

"Allah shi gafarta Malam, roƙo ya kawo ni. A ɗaga bikin ga hat wanga tauraro shi tahi."

Gwaggo ta yi farat. "A ɗaga? Tani, kin san mi kike hwaɗi? An gayyaci mutane hat Dandin Mahe!"

"Mairo," in ji Baba. Gwaggo ta kau da kai.

Inna Tani ta fara magana a hankali, ba kuka, ba ɗaga murya. Ta ce shekarar da take da cikin Auta, haka take kiran Maniru, irin wannan tauraro ya fito da farkon damina, da daddare. Ita da mai gidanta suka tsaya ƙofar ɗaki suna kallo, har yana yi mata dariya wai Allah ya ƙaro musu fitila. Kafin sanyin shekarar ya fita, annobar mura da zazzaɓi da ake kira marisuwa ta shigo Shagari. Ta ɗauke mai gidan, ta ɗauke ɗiyanta biyu, duk cikin mako guda. Maniru yana tsumma lokacin, bai san fuskar ubansa ba.

"Shi ɗai ya rage min, Malam. Ban ce tauraro na kashewa ba, Allah na kashewa. Amma ban iya yin guɗa wanga abu na bisa kaina."

Masu karatu, na so in ji haushinta. Na nemi haushin a zuciyata, na rasa. Abin da na samu shi ne haushin kaina, ina cewa da ma na ga tauraron na yi shiru, kamar shirun nawa zai goge shi daga sama.

Baba ya ce ta kwana biyu tare da mu, zai yi tunani. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta, tana ajiye kwanon tuwo da ƙarfi don a san ranta a ɓace yake. Da ta same ni a madafa ta ja kunnena.

"Ke ma buɗe bakinki. In anka ɗaga wanga biki, mutane cewa za su yi tauraro ya ƙi ki. Wa za shi ƙara tako ƙohwar gidan ga? In ɗanta ba shi iya tsayawa, ga Garba mai jaki bakwai nan, tun bara shike aiko gaisuwa."

"Gwaggo, ni ba jakai nake so ba."

"Ah to. Sai ki auri madubi."

Washegari da la'asar Gwaggon ce dai ta leƙo ta ce, "Mutumin naki na zaure. Wai a ce miki shina da magana, kuma ba ta jira." Na sa kwalli, na ɗaura zanena mai shuɗi, na yafa fatala. Na tarar da shi tsaye, bai ko zauna kan tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Gajeren wandon aiki ne a jikinsa, dararsa a hannu yana juya ta.

"Atika, kin ji abin da Inna taz zo da shi."

"Na ji."

"Akwai wanda ba ta ji ba." Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "An buga wa Bature waya daga Kaduna. Soja na son masu awo. An sa sunana."

Na dafa bango.

"Yaushe?"

Ya kau da ido. "Bayan Salla."

"Ina za a kai ku?"

"Ba su hwaɗi. Wasu sun ce ƙetaren teku."

Kun gane inda na tsaya? In aka ɗaga biki har tauraro ya tafi, ba wanda ya san ranar tafiyarsa, Maniru kuwa tasa tafiyar an riga an sa. In kuma muka gaya wa Inna Tani gaskiya, mun tabbatar mata da tsoronta da bakinmu: tauraro ya fito, ga shi za a ɗauke mata ɗan da ya rage.

"Kada ki gaya mata," ya ce. "Ni za ni gaya mata, in an ɗaura."

Don in kauce wa hawaye na tambaye shi abin da Baturensu ya ce game da baƙon. Nan fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce Zakara ya fi kowa rawar jiki, tun ranar da ya gan shi bai bar madubi ya huta ba. Wai yana da wani ɗan gilashi mai kusurwa uku da yake ɗaurawa a bakin madubin, yana warware hasken tauraro kamar yadda ake warware zare, ta nan ake gane irinsa.

"Ana gane irinsa?" Muryar Baba ce daga ƙofar cikin gida. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, ban kuma san me ya ji ba.

Maniru ya zube ƙasa. "Haka yac ce, Allah shi gafarta Malam."

"Roƙo muna shi aro. Gobe da asuba. Shekara ashirin da wani abu ina son in yi wa wanga tauraro tambaya."

Da asuba Maniru ya zo da madubin a kafaɗa, Bature ya yarda. Ya kafa ƙafafun uku a tsakar gidanmu, tsakanin turmi da randa, ya ɗaure ɗan gilashin da igiyar fata. Gwaggo ta fito da fitilar aci-balbal, ya roƙe ta ta kashe. Inna Tani ta zauna bakin ƙofa, ta juya wa kudu baya.

"Atika," in ji Baba, "diba min."

Na matso. Ban taɓa tsayawa kusa da Maniru haka ba, har ina jin ƙamshin sabulun da ya wanke taguwarsa. Ya ja da baya don kunyar manya, yana nuna mini da baki inda zan sa ido.

"Shi'ira na fara saita miki, don ki san yadda na kullum yake."

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da fari duhu. Sai ga wani siririn zare kwance, ja a wannan bakin, ya bi ta rawaya da kore ya ƙare da shuɗi, kamar an yanko bakan gizo an miƙar da shi. Na yi salati ban sani ba.

"Mi kinka gani?"

"Zare, Baba. Mai launi-launi. Sumul yake daga farko har ƙarshe."

Maniru ya juya madubin ya saita baƙon. Sai da ya sake gyarawa, don taurarin gudu suke daga bakin madubin in an jima. Na sake leƙawa. Wannan zaren ya fi na Shi'ira dushewa, amma ba sumul yake ba. Ƙulli-ƙulli ne a jikinsa masu haske, kamar an jera duwatsun ado a zare an bar tazara. Akwai ja guda can gefe, jawur kamar garwashi, akwai wani tsakanin kore da shuɗi. Na gaya wa Baba duk yadda na gani, ya sa na maimaita masa sau biyu.

"To, Maniru. Mi Baturenku yac ce ga masu ƙulli?"

Maniru ya durƙusa. Ya ce ƙullin nan alamar iska ce mai zafi da tauraron ya fesar daga jikinsa. Ya ce ba sabon tauraro ba ne, tsoho ne da ya daɗe a wurin, ƙanƙantarsa ta hana ido ganinsa, sai yanzu da wuta ta tashi masa. Irin waɗannan kuma gida biyu ne. Akwai wanda kan yi wannan tashin, ya huce, ya koma yadda yake. Akwai wanda kan tarwatse gaba ɗaya, ba ya komawa, shi sai a can nesa ƙwarai ake tsintarsa da manyan madubai. Masanan ƙasarsu da wannan zaren suke rarrabe su: su duba inda ƙullin ya faɗa, da faɗinsa, da launin da ya ɓace. Har masu tarwatsewar ma sun raba su biyu, wasu da jan ƙullin nan, wasu babu.

"Wanga hwa?"

"Shina zaton mai hucewa na. Amma ya ce a jira a ga yadda za shi dushe, kahin a rantse."

Baba ya gyaɗa kai. "Mutumin kirki na, tunda ya san a jira." Ya juyo wajena. "Ashe ɗan gida na, mu munka ɗauke shi baƙo. Gida na huɗu ke nan, Atika, riƙe shi. To Maniru, gilashin ga na nuna ko tauraro na ɗauke da annoba?"

"A'a, Allah shi gafarta Malam. Ba shi nuna wannan."

"Hisabina ma ba shi nuna shi. Tani, kin ji. Waccan shekara ni ma na binne mutane, na kuma zargi tauraro a zuciyata, ban gaya ma kowa ba. Amma na ga shekarun yunwa da na sanƙarau da sama ba ta ƙara ko tauraro guda ba. Halitta na kamarmu, ciwonai shike ji can inda yake. Taso ki gani da idonki."

Na zaci ba za ta taso ba. Ta taso. Maniru ya rage mata tsawon ƙafafun madubin, ya riƙe mata gefen mayafi. Ta daɗe tana leƙe, har sai da ya sake saita mata. Da ta ɗago, ta share ido da bakin zane.

"Kyakkyawa na," ta ce. "Ban zaci kyakkyawa na ba." Ta juya wajen Baba. "Na ji, Malam. Kaina ya yarda. Cikina na bai yarda ba."

Ladan ya kira salla. Baba ya miƙa hannu Maniru ya kama shi. Kafin su fita ya ce, "Ban ɗaura aure bisa hawayen uwa, ban kuma ɗaga shi don tauraro. Ku mata ku yi magana. In na dawo in ji."

Gwaggo ta buɗe baki, Inna Tani ta riga ta. "Mairo, ara min ɗiyarki."

Bayan mun yi salla ta ja ni ɗakin Gwaggo, ta zaunar da ni kan gado tsakanin tulin kayan bikina, ita ta zauna ƙasa. Na yunƙura in sauko, ta danne gwiwata. Surukata a ƙasa, ni a sama! Na rufe fuska da fatala.

"Buɗe, ɗiyata. Yau ba ranar kunya ba ta. Ya gaya miki soja sun ɗauke shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ya gaya miki ke nan. Ni yaron hakimi yag gaya min, tun kahin in baro Shagari. Shina zaton na sani, hat barka yay yi min." Ta yi wani ɗan murmushi mara daɗi. "Auta na ɓoye min, ni ina ɓoye mai na sani. Haka muke tun shina yaro."

"Inna, to tauraron..."

"Tsoronai gaskiya na, ban yi ma Malam ƙarya ba. Amma ba shi ɗai ba na. Ina da shekarunki anka bar ni da jinjiri da ɗaki wohi. Na san yadda dare ke tsawo. Na ce in an ɗaga, shi tahi ke kina budurwa gidan ubanki. In Allah ya maido shi, a yi biki da ganga. In kuwa..." Ta haɗiye sauran. "Ba ki zama kamata ba. Ban iya hwaɗin haka gaban Malam, sai in zan kamar mai yi ma ɗana baki."

Masu karatu, na shigo ɗakin nan ina ganin matar nan ce katangar da ke tsakanina da farin cikina. Ashe tun daga Shagari ta hau jaki, ta yarda Gwaggo ta harare ta, gari ya ce ta cika camfi, duk don ta kare ni, ni da ba ta haifa ba. Na sauko daga gadon ko ta so ko ta ƙi, na sa kaina a cinyarta na yi kukan da na riƙe tun jiya. Ta bar ni sai da na gaji.

Da na natsu na tambaye ta abin da ban taɓa zaton zan iya tambayar babba ba.

"Inna, da an gaya miki tun farko cewa shekarun da za ki yi da shi kaɗan ne, da kin fasa?"

Ta dubi ƙofa. Gari ya fara haske, kaji na saukowa.

"Da ban hwasa ba," ta ce. "Amma ni ba a tambaye ni ba. Ke ina tambayarki. Kuma ki yi lissahinki da gaskiya, don lokaci ya ƙure. Yaushe yac ce miki za su tashi?"

"Bayan Salla."

Ta dube ni. Ta girgiza kai a hankali.

"Tashi ki tambaye shi kuma."

Ban san sa'ad da na fito ba, ko fatalar ban gyara ba. Sun dawo daga masallaci. Baba na zaune kan buzunsa, Gwaggo na dama fura a gefe, Maniru ya durƙusa yana kwance ɗan gilashin daga bakin madubi. Sama ta yi fari, babu tauraro ko ɗaya. Ban taɓa yi masa magana gaban Baba ba, ranar na yi.

"Yaushe motar sojan za ta zo ɗaukarku?"

Hannunsa ya tsaya kan igiyar fatar. Ya dubi ƙofar ɗakin Gwaggo, ya ga innarsa tsaye. Na ga lokacin da ya gane ta sani. Ya sunkuyar da kai.

"Jibi," ya ce. "An matso da ita. Na kasa gaya miki, Atika. Na ji tsoron ki ce a bari."

Ludayin Gwaggo ya faɗa cikin ƙwarya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Ya so in zaɓa ban san abin da nake zaɓa ba, kuma na ƙudura sai ya ji wannan daga bakina in mun keɓe. Amma na dube shi durƙushe cikin ƙasar gidanmu, na ga ba wayo ya yi mini ba, tsoro ne irin nawa.

Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina.

"Atika, na ji ta Tani, na ji ta Mairo, na ji ta Bature. Taki ta rage. Mi kinka ce?"

Na dubi Inna Tani. Ba ta gyaɗa mini kai ba, ba ta girgiza ba. Ta bar mini kayana.

Na durƙusa gaban Baba, na ce, "Baba, a aika a kira Liman. Yau."